Kuɗin da Baba Ya Shanya a Igiya

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Baba ya riga mu amsa kira ranar wata Alhamis da hantsi, a ɗakinsa na bakin ƙofa a gidanmu na Lugbe, bayan jinyar kwana uku kacal. Ba zan kama sunansa ba. Mahaifin mijina ne, shekara takwas ina gidan ɗansa bakina bai taɓa furta sunan nan ba, ba kuwa yanzu da ƙasa ta rufe masa ido zan fara ba. Waɗanda suka san shi sun san wanda nake nufi.

Ni ba gwanar rubutu ba ce. A aji uku na tsaya a firamare, ragowar karatun a waya na tsince shi, saboda haka in kun ga kuskure ku yi mini uzuri. Na dai ji kowa ya faɗi Baban da ya sani, ni kuma nawa ya tokare mini ƙirji, na rasa wanda zan gaya wa.

Abin da masu zuwa gaisuwa suka fara cin karo da shi a tsakar gidanmu igiyar shanya ce, kuɗi jere a kanta. 'Yan naira biyar da 'yan goma da 'yan ashirin na leda, tsofaffi, wasu har hoton jikinsu ya goge, kowace an maƙale ta da abin maƙale wanki. Ƙanwar mijina ta taso daga Kaduna, ta shigo da kukanta, tana ɗaga kai kukan ya tsaya cak.

"Wai wa ya shanya kuɗi a gidan mutuwa?"

Maƙwabciyarmu Bayarabiya, wadda muke kira Maman 'yan biyu, ita ta ba ta amsa tana share hawaye da bakin zani. "Na Baba ne, Anti. Makaranta ne wannan. Har yarana suna zuwa."

Wan mijina babban ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, kowa Oga yake ce masa har 'yan gida. Ya leƙo, ya dubi igiyar, ya ce da ƙaninsa a hankali, "Don Allah a sauke wannan, mutanen ofis za su zo." Mijina ya miƙa hannu ke nan sai babbar 'yata ta fasa ƙara. Shekararta bakwai. Ita ma ba na kama sunanta, 'yar fari ce.

"Kar a taɓa! Ba mu gama ba!"

Oga ya juya ya fita, na ga kafaɗarsa tana rawa. Aka bar igiya yadda take.

A waje kuwa 'yan tashar Utako ne suka cika layinmu, mota biyu suka yo, direbobi da kwandastoci da tsofaffin abokan aikinsa, don a can ya ƙare ƙarfinsa yana karɓar kuɗin mota. Ta taga na ji hirarsu, kamar yadda na saba jin komai na Baba. Wani ya ce in tsohon nan ya riƙe damin canji, yatsansa ne kawai ke tafiya, bakinsa yana can yana tsokanar fasinja, kuma ba ya kuskure. Wani direba mai kakkaurar murya ya ce shi faɗan da suka sha yi guda ɗaya ne. Mota ta cika, ya tayar da inji, Baba zai zo ya tsaya a gabanta da sandarsa don wata tsohuwa ta tafi kama ruwa. "Sai ya ce, a jira na baya. Wallahi har zagina na sha yi a raina. Yau ga shi ina neman mai tsaya mini a gaban mota." Sai muryarsa ta karye.

Tun daga ƙarar nan da 'yata ta yi, ba ta sake ƙirga komai ba. Ta ɗauke gwangwanin kwandalolin kakanta ta tura can ƙarƙashin gado. Da ta koma makaranta malamarsu ta aiko mini cewa takardar lissafi fara fat take mayar mata, ga jarrabawar shiga aji biyu saura mako uku. Yarinyar da a da ita ke ɗaga hannu kafin kowa. Maganar nan ta dame ni, domin tun ranar da na haife ta tsorona ɗaya ne a kanta, kada ta gaje ni.

Bari in faɗi abin da na yi shekaru ina ɓoyewa. Na san kowace takardar kuɗi, na san wannan hamsin ce wannan ɗari biyu. Haɗa su ne ban iya ba. Ƙirgena ɗai-ɗai ne, da yatsu, in ya wuce yatsu ya gudu ya bar ni. In na je kasuwa na miƙa dubu, duk abin da aka ba ni canji sai in ɗan duba shi kamar mai lissafi, in cusa a jaka. Ko mijina bai san iyakar abin ba, tunda shi ke yo cefanen wata.

Mai ruwa ne ya tona ni. Unguwarmu ba famfo, a kura ake kawo mana, a lokacin jarka naira hamsin. Dabarata ita ce in tanadi 'yan hamsin-hamsin. Ya juye jarka ɗaya, in ba shi takarda ɗaya. Ya juye ta biyu, in ba shi wata. In ɗari biyar ce a hannuna sai in ce ya dawo an jima. Wata rana, Baba bai fi wata biyu da dawowa wurinmu da zama ba, mai ruwan ya yi dariya ya ce, "Madam, ki bari in gama mana ki haɗa mini gaba ɗaya. Kullum sai ka ce ana ba kaji tsaba."

Na ce, "Haka nake so."

Baba yana zaune a gindin gwabar tsakar gida, rediyo a kunne, idonsa a lumshe. Ko motsi bai yi ba. Na ce a raina Allah Ya rufa asiri, barci yake.

Washegari da la'asar ya fito da gwangwanin madara, tsoho, duk ya yi tsatsa a baki. Ya shimfiɗa tabarma ya zazzage. Kwandaloli ne na da, waɗanda ko mai rake ba zai karɓa ba yanzu: sisi, sule, 'yan naira ɗai-ɗai, da 'yan naira biyu masu zobe. Ya ƙwala wa jikarsa kira.

"Kwandasta! Zo mota za ta tashi."

Sunan da ya sa mata ke nan. Ƙanwarta, da ke shekara biyu a lokacin, ita ce Fasinja, wai don ba abin da ta iya sai a ɗauke ta. Ita kuma babbar ba ta raga masa. "Tsoho mai ran ƙarfe, ka ci zamaninka kana cin namu." Sai ya ce, "Na ci, kuma ban biya kuɗin mota ba. Zauna."

Tsallake yake kiran abin. Ya ce mai ƙirga ɗai-ɗai kamar wanda ya tasar wa Kano a ƙasa ne, zai isa, amma sai takalmi ya ƙare. Mai tsallake shi ya hau mota. Da 'yan naira biyu ya fara. Ya ajiye ɗaya a tabarma, ƙwal, ya ce biyu. Ya ajiye wata, huɗu. Shida, takwas, goma. Yana yi da wata irin murya mai hawa da sauka, irin ta masu kiran fasinja, har yarinyar ta fara rausaya kai. Shi har ya rasu da fam yake ciniki a ransa, fam ɗaya naira biyu, jaka ɗaya ɗari biyu, ya ce su tun suna yara a tsallake suka tashi ba su ma sani ba. Da biyu-biyu ta zauna ya koma kan sisi, biyar-biyar. Daga nan sule, goma-goma.

Ni ina kicin. Tagar kicin ɗinmu tsakar gida take kallo, akwai raga da ɗan labule. Tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai. Da safe in durƙusa a ƙofar ɗakinsa, kaina a ƙasa, "Baba, ina kwana." Ya ce, "Lafiya lau, 'yar nan. Allah Ya yi albarka." In kawo abinci in ajiye in tashi. Ba zan zauna a tabarma ɗaya da surukina ba, haka aka tarbiyyantar da ni, shi ma haka ya sani. Amma kunne ba shi da labule. Ina tuƙa tuwo ina jin biyar, goma, sha biyar, ashirin, har na wayi gari leɓena yana bi.

Abu biyu na lura da su a lokacin, ban ba su ma'ana ba. Na farko, da ƙarfi yake karantarwa, alhali yarinyar tana gabansa gwiwa da gwiwa. Har mijina ya ce anya kunnen Baba bai fara nauyi ba. Amma mutumin nan in cokali ya faɗi a ɗaki yana ji. Na biyu, yarinyar tana da saurin ɗauka, kafin ya ajiye kwandala ta faɗi amsa, shi kuwa sai ya ɗaga sanda.

"Kwandasta, taka burki. A jira na baya."

"Wa ye a baya, Kaka?"

"Ga Fasinja nan," ya nuna ƙaramar tana can tana tsotsar bakin riga.

Sai ya yi shiru, shiru mai tsawo. A cikin shirun nan ni kuma nake laluben amsar, muciya a hannu, in raɗa wa tukunya. Sannan ya ce, "To, faɗi."

Oga ya taɓa tarar da su wata Asabar. Ya tsaya da makullin mota a hannu yana murmushi. "Baba, wannan ai wahala ce. Yanzu waya ke lissafi, kuɗin ma tiransifa ake yi."

Baba bai ɗago ba. "Ranar da caji ya ƙare fa?"

"Sai a sa caji."

"A Lugbe? Da wace wutar?" Har Oga sai da ya yi dariya. Baba ya ƙara da cewa, "Waya tana lissafi, amma in an cuce ka a kasuwa ba ita ke jin kunya ba."

Maganar nan ta same ni a kicin kamar da ni yake.

Sau ɗaya muka yi faɗa da Baba, kuma laifina ne. Faɗan ma ba baki da baki ba. Wata rana ina wanke shinkafa yarinyar ta shigo da gudu. "Mama, bayan talatin da biyar mene ne? Kaka ya ce in tambayo ki." Kaina ya ɗau zafi. Na san amsar tana kusa, amma idon yarinyar a kaina ya kore ta. Na daka mata tsawa, na ce ba ta ga ina aiki ba ne. Ta fita jiki a sanyaye. Da yammar nan kuma na tsinci ƙaramar da sule a baki. Na zare shi da yatsa, na yi ta hango asibiti. Da Baba ya tafi masallaci na ɗauke gwangwanin na binne shi a buhun masara.

Washegari ya aiko jikarsa. "Kaka ya ce in ce miki gwangwaninsa ya yi ƙafa."

Na ce, "Ce wa Baba ƙaramar ta kusa haɗiye kwandala."

Ta je ta dawo. "Ya ce ya raini 'ya'ya bakwai a cikin canji, ba wanda ya haɗiye ko sisi, sai dai su haɗiye na aljihunsa."

"Ce masa kuɗi datti ne, hannun kowa ya taɓa."

Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo ta ce, "Ya ce gaskiyarki."

Shi ke nan. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana huɗu bai fito gindin gwaba ba. Tuwo ya dinga dawowa rabi. A rana ta huɗu mijina ya dawo daga aiki ya tsare ni a ƙofar kicin. "Me ya haɗa ki da Baba? Yana tambayata kuɗin motar gida nawa ne yanzu." Na ce tsoron haɗiya ne. Gaskiya ne, amma rabinta. Ɗayan rabin shi ne na ji zafin 'yar shekara shida ta wuce ni, har ana aiko ta ta gwada ni. Yau na san ba gwaji ba ne. Ƙofa ya buɗe mini ko zan shigo, na rufe ta da ƙarfi, bai sake taɓa ta ba.

Da safe na kai masa kunu, na ajiye gwangwanin a gefen kofi, na gaishe shi. Ya ce, "Lafiya lau, 'yar nan. Allah Ya yi albarka." Ko kalma ɗaya bai ƙara ba.

Da hantsi sai na ga ya aiko a ba shi tsohuwar tukunya da toka da lemon tsami. Ya tafasa kwandalolin nan kaf, ya zauna yana goge su ɗaya bayan ɗaya har suka yi ƙyalli. Ya kuma kafa doka, in za a yi karatu sai an goya Fasinja ko an ɗaure ta da hira a gidan Maman 'yan biyu. Sannan ya fito da takardun leda da ya tara, 'yan biyar da 'yan goma da masu shago ke yatsina fuska in an miƙa musu. Ya wanke su da sabulu kamar kayan jariri. Ya kwance igiyar shanyata daga inda take, ya ɗaura ta daga gwaba zuwa wata ƙusa da ya buga a gefen tagar kicin. Ya ce da mijina nan rana ta fi bugawa. Ni da ke shanya kullum na san nan ne wurin da rana ba ta zuwa sam. Na ce a raina rigimar tsufa ce.

Daga ranar karatu ya koma kan igiya. Yarinyar ta tsaya, ya ba ta sandarsa, tana nuna takarda ɗaya bayan ɗaya. Goma, ashirin, talatin. Ya cire wata ya sa 'yar ashirin a tsakani don ya rikita ta. Yaran Maman 'yan biyu suka shigo ciki, in sun yi daidai ya raba musu gyaɗa, ita ma biyar-biyar, su ƙirga da bakinsu. Ni kuwa da a da kunne kawai nake bi da shi, yanzu ga kuɗin nan a saitin idona, ina yanka albasa ina kallonsu ta raga.

Ya ce hamsin ita ce sarauniyar canji, wanda ya iya ta ya iya kasuwa. Ba ya barin 'yan hamsin su kwana a igiya, don su har yanzu ana kashe su, daga aljihunsa yake fito da su ya mayar. Mun fi wata biyu a kanta. Na ce mun, don haka abin yake. Yarinyar ta iya tun makon farko, har ta fara ƙorafi. "Kaka, ai na iya wannan." Ya ce, "Maimaici ba ya kashe kwandasta."

Ranar da na fara biyan mai ruwa a dunƙule ba zan manta da ita ba. Jarka takwas ya juye. Na tsaya a bayan ƙofa ina bi a zuci, hamsin, ɗari, ɗari da hamsin, ɗari biyu, har na kai ɗari huɗu. Na sake bi don tsoro. Na fito na miƙa masa 'yan ɗari biyu guda biyu. Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Kai, Madam, yau an yi mana albashi." Ya tura kurarsa ya fita. Baba yana gindin gwaba, ido a lumshe kamar kullum. Can sai na ji ya yi gyaran murya ya ce da rediyonsa, "Alhamdu lillahi. Yau garin da daɗi." Da yamma ya dawo daga masallaci da ƙullin tsire, ya ba jikarsa ya ce a kai kicin, na mai girki ne. Na ci, na ce Baba yau ya samu kuɗi. Wauta ke nan.

Ciwon nasa bai ba mu lokaci ba. Ran Litinin da la'asar ya yi karatu da yara, har ya ce wa yarinyar saura tasha ɗaya su gama, yana jiran saƙo. Da magariba ya ce kansa yana sarawa. Aka kai shi asibiti aka dawo da magani. Ran Alhamis na kai kunu na durƙusa, na ce, "Baba, ina kwana." Ya ce, "'Yar nan." Ya yi shiru, irin dogon shirun nan nasa. Na jira, kaina a ƙasa. Sai ya ce, "Allah Ya yi albarka." Kafin rana ta take ya cika, kansa a cinyar ɗansa.

Da aka fito da shi yarinyar ta riƙe zanina ta ce, "Mama, ashe ba ran ƙarfe gare shi ba."

Ranar sadakar bakwai wani tsoho ya zo daga Sheda. Manomi ne, Bagwari, Kirista, aminin Baba tun zamanin da yake kawo doya tasha Baba yana nema masa mota. Labari ne bai kai masa da wuri ba. Ya zauna da maza, ya cire hula ya yi addu'a irin tasu, sannan ya ce shi sai ya ga matar ƙaramin ɗa. Mijina ya rako shi ƙofar tsakar gida. Na sa mayafi na durƙusa. Ya dubi igiya ya daɗe, sannan ya dube ni. Hausarsa irin ta mutanen ƙasar nan ce.

"Sannu, 'yata. Kai ne mai tuwo?"

Na ce ni ce.

"Abokina ya zo wurina bara. Ƙafa yana ciwo, mota biyu ya hau. Ya ce in ba shi kuɗin da, wanda na ajiye. Na ce tsoho, za ka sayi me, an daina karɓa. Ya ce ya buɗe makaranta. Na ce yara nawa? Ya ce biyu. Ɗaya yana zaune a gabana, ɗaya yana bayan taga yana dafa mini tuwo. Ya ce na bayan taga ne ya sa na zo. Ya fi ƙoƙari, amma in na duba shi zai gudu."

Mijina ya juyo yana kallona, ni kuma ina kallon ƙusar nan ta gefen taga.

Tsohon ya laluba aljihu ya fito da ƙullin tsumma. "Ya ce saura na kwabo ashirin da biyar, in nema masa. Na nema gida-gida, na samu takwas. Na yi latti." Ya ajiye a gabana. "Ya ce kar na gaya wa kowa. Amma ya tafi, ni ma na kusa. In ban faɗa ba, magana zai mutu."

Ban san lokacin da ya fita ba. Sai a ranar na yi kukan Baba na gaskiya. Shekara guda mutumin nan yana ɗaga murya saboda ni, yana jira saboda ni, ya ɗauke igiya daga rana ya kai inuwa saboda ni, bai taɓa bari idonsa ya faɗa kan tagar nan ba don kada in ji kunya. Ni kuma abin da na saka masa da shi, na binne masa gwangwani a masara. Mijina ya zauna kusa da ni ya ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?" Na ce, "Baba ma ban gaya masa ba."

Ƙullin ya kwana goma a kan tagar kicin ban kwance ba. Malama ta sake aikowa. Na lallashi yarinyar, na yi mata faɗa, babanta ya sayo mata sabon littafi, duk a banza. In an ce ƙirga sai ta sunkuyar da kai. Na gane abin da take gani. A wurinta ƙirge na Kaka ne, ya tafi da abinsa, gidan nan ba wanda ya rage da ya iya.

Ran nan da la'asar na ɗauko tabarmar Baba na shimfiɗa a gindin gwaba, wurin da ban taɓa zama ba. Na goya ƙaramar. Na kwance tsumman, kwandaloli takwas, tun da safe na tafasa su da toka na mayar. Yarinyar tana bakin ƙofar ɗaki tana kallona ta gefen ido. Na ajiye ɗaya, na ɗaga murya yadda yake yi.

"Ashirin da biyar."

Na ajiye ta biyu. Wannan na san ta. "Hamsin."

Na ajiye ta uku, sai na tsaya cak. Wannan tashar Baba bai kai mu ba. Raina ya ce tashi ki shiga kicin. Na ƙi. Na koma kan biyar-biyar ɗin da ya koya mana, na fara takawa daga hamsin a zuci, hamsin da biyar, sittin. Ban ankara ba sai na ga ƙafafun yarinyar a bakin tabarma. Leɓenta yana motsi.

Na ce, "Kin sani?"

Ta ɗaga kai.

"To faɗi mana."

Ta girgiza kai. "A jira na baya."

Na ƙarasa a zuci, sittin da biyar, saba'in. Na ce, "Saba'in da biyar."

Ta durƙusa, ta ɗauki ta huɗu da hannunta ta ajiye, ƙwal. "Ɗari. Naira guda ke nan." Ta ɗauki ta biyar ta miƙo mini.

Da muka kai ƙarshen takwas ɗin na tambaye ta, "Dama kin san ni ce a baya?"

Ta ce, "Kaka ya ce in na ji muciya ta daina motsi, to kina tunani ne, in yi shiru. Ya ce kuma kar in gaya miki."

Ta shiga ɗaki ta ja ciki ƙarƙashin gado ta fito da gwangwanin.

Jarrabawar jibi ce. Ban san me za ta ci ba, amma jiya malama ta ce ta cike takardarta har baya. Kullum la'asar yanzu muna gindin gwaba, da yaran Maman 'yan biyu, wani lokaci ni ke riƙe sanda wani lokaci ita. Igiyar tana nan inda ya ɗaura ta. Wankina ba ya bushewa da wuri, na haƙura.

Baba, shekara takwas ban ce maka komai ba sai ina kwana. Ban ce na gode ba, ban ce ka yafe mini gwangwani ba. Ga shi na faɗa a gaban jama'a, tunda kunyar da ka rufa mini ta riga ta zama abin alfaharina. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi masa addu'a ko da sau ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba 'ya'yansa da jikokinsa da amininsa na Sheda haƙurin rashinsa.

Ya Allah, bawan nan Naka bai taɓa yarda mota ta tashi ta bar na baya ba. Ranar da ayarin bayinKa na gari zai wuce zuwa Aljanna, kada Ka bari a tafi a bar shi.